Piyanon Kwali

Kalma uku ce ƙaryar da Lorene Haskell ta yi, kuma da alƙalami ta yi ta, wanda ya fi muni. A ƙasan takardar neman aikin koyarwa a makarantar Gunduma ta Sha Bakwai an bar fili domin mai nema ya faɗi abin da ya iya ban da karatu da lissafi. Ta rubuta: "Na iya piyano." Kafin ta rubuta sai da ta bincika, aka tabbatar mata makarantar ɗaki ɗaya ce tak a tsakiyar gonakin masara, ba komai a ciki sai murhu da allo da agogon bango. Wanda ya ce ya iya iyo a ƙasar da ba kogi, wa zai ƙaryata shi?

Aka ɗauke ta a kakar 1923. Ta bar ɗakin wanki na otal ɗin da ta shekara huɗu tana dirzar zannuwan baƙi a cikinsa, ta zo da akwati ɗaya da takardar shaidar koyarwa wadda ta samu da jiɓin goshi. Bisa al'ada, malama a gidan shugaban kwamitin makaranta take ci take kwana. Shugaban kuwa Gottlob Reinke ne, manomi mai kaurin wuya, wanda ya shekara talatin yana ja wa mutanen gundumar waƙa a coci da wajen taro, da muryarsa kawai. Malamar da ta gabaci Lorene shi ya sallame ta a tsakiyar hunturu, saboda ta ɗaura aure a ɓoye. Bai tsaya nan ba, ya rubuta wa jami'in ilimi wasiƙa, aka karɓe takardar shaidarta. Ya kan ce ba auren ne ya dame shi ba, ɓoyewar ce.

A mako na uku da zuwanta, ranar Lahadi da rana, suna cin naman alade da dankali, Reinke ya ajiye wuƙarsa ya dube ta.

"Malama, albishirinki. Mun yi odar piyano daga Omaha."

Lorene ta ci gaba da tauna, domin ba ta da abin da ya fi tauna sauƙi a lokacin.

"Shekara uku muna toya kek muna sayarwa a taron makaranta," in ji matarsa Ottilie. "Kullum maigida sai ya ce me za a yi da piyano ba mai kaɗawa. Da ya ga takardarki sai bakinsa ya mutu."

"Bakina bai mutu ba. Na ce a saya."

"Bayan ka gama cewa kada a saya sau talatin."

"Yaushe zai iso?" Lorene ta tambaya. Ta yi mamakin yadda muryarta ta fito lafiya lau.

"Kafin taron godiyar girbi. Mako bakwai ke nan. Ke za ki buɗe shi da waƙar godiyarmu." Ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko wani baƙin littafi da ya sha hannu, ya buɗe mata shafi. Kalmomin da Jamusanci suke, harshen kakanninsu, wanda ba ta ji ko ɗaya. A samansu ga ƙananan ɗigo masu wutsiya jere a kan layuka. "Ai kin san ta?"

"A cocinmu ba ma yin ta."

"Ba komai. Ga ta nan a rubuce. Mai karatu ba ya ɓata."

Ta yi tunanin faɗin gaskiya a take, kafin dankalin ya huce. Sai ta tuna tururin ɗakin wanki, da warin sabulun soda, da kuma malamar da ta gabace ta, wadda aka ce yanzu tana fige kaji a wani kamfani. Ta karɓi littafin ta yi godiya.

A bayan wata mujallar manoma ta ga tallan, tsakanin maganin tsutsar shanu da na sanƙo. An zana wata mata zaune gaban piyano, mutane sun kewaye ta baki buɗe. Wata makarantar kiɗa ce a Chicago, tana koyarwa ta wasiƙa, darasi ɗaya kowane mako, ba sai kana da malami ba, ba ma sai kana da piyano ba. Lorene ba wawuya ba ce, ta san abin da ake sayarwa a bayan mujalla. Amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ta rubuta musu cewa sauri take yi, a aiko mata da darasi bibbiyu.

Bayan kwana takwas Dusek mai kai wasiƙu ya tsayar da tsohuwar motarsa a ƙofar gidan Reinke, ya ɗaga wata doguwar ambulan sama yadda kowa zai gani.

"Malama, mutumin naki na Chicago bai san gajerar magana ba. Wannan wasiƙa ce ko ƙyaure?"

"Taswira ce ta makaranta, Mista Dusek."

"Taswirar zuciyarsa ke nan. Ni dai in an sa rana a gaya mini da wuri, in aske gemu."

Ottilie tana bakin ƙofa tana share hannu da gefen zaninta. Ba ta yi dariya ba. Da motar ta wuce sai ta ce a hankali, "'Yata, in akwai wani, gara maigida ya ji daga bakinki. Kin san halinsa."

"Babu kowa, Mama."

"To, Allah ya sa."

Abin da ke cikin ambulan ɗin kwali ne naɗe gida huɗu. In an miƙe shi sai ya zama haƙoran piyano, farare da baƙaƙe, daidai girman na gaske, an buga su da tawada. Akwai kuma takardu da suka ba kowane yatsa lamba, da takardar tambayoyi da za ta cike ta mayar. Wani mai sa hannu da sunan Farfesa ne yake dubawa. Duk takardar da ta aika sai ta dawo da "Madalla" da jar tawada. Aiki ne da kurma ma zai iya yi, wataƙila kuma kurman ne yake yin sa.

Ba ta bar kwalin a gida ba. A makaranta ta ɓoye shi, bayan taswirar duniya. Kullum ƙarfe huɗu, in yara sun watse, sai ta shimfiɗa shi a kan teburinta ta zauna har rana ta yi ja. Ɗaki shiru, ba ka jin komai sai agogon bango da ɗan ƙwanƙwasar farce a kan kwali. Hannun dama ya koya a mako biyu. Na hagu ya yi taurin kai kamar ba jikinta yake ba. Ranar da ta fara haɗa su biyun sai da ta yi kuka, sannan ta goge hawayen da ya ɗiga a kan kwalin da sauri don kada tawadar ta narke.

Ta kwafe waƙar godiyar daga baƙin littafin, ɗigo bayan ɗigo, ta aika Chicago. Farfesa ya mayar da ita a sauƙaƙe, da lambobin yatsu, da umarni a ƙasa: kowane ɗigo bugun agogo ɗaya. Ya kuma ja layi biyu ƙarƙashin wata magana: "Kada ki tsaya, kada ki jira, ko kin yi kuskure ki wuce. Mai tsayawa shi ake ganewa." Lorene ta riƙe wannan kamar aya. Ta yi waƙar tare da agogon nan sau ɗari, sau ɗari biyu, har yatsunta suka riƙa yin ta a kan cinyarta a wajen cin abinci ba tare da saninta ba. Amma ba ta san yadda waƙar take a kunne ba. Ba ta taɓa jin ta ba, ko daga bakin mutum ko daga hannunta.

Wata yamma tana tsakiyar layi na uku sai ta ji takun takalmi mai nauyi a kan matakala. Ta fizgo taswirar duniya ta rufe teburin. Reinke ne, ya zo duba bututun murhu. Ya dubi taswirar, ya dube ta.

"Kin juya ta, Malama. Kudu tana sama."

"Darasin gobe nake shiryawa."

"Hm." Ya ƙwanƙwasa bututun, toka ta zubo. Ya dafa hannu a kan teburin, daidai tsakiyar teku, inda kwalin yake a ƙasa, ya tsaya yana bayani a kan tsadar gawayi har kusan minti goma. Lorene ta zuba wa yatsunsa ido. Da ya tafi sai ta ga rigarta ta jiƙe ta baya.

Duk begenta a kan abu ɗaya yake: piyanon ya iso da mako guda ko biyu a hannu, ta samu ta taɓa shi ita kaɗai. Sai ruwa ya sauko kwana tara, hanyar tasha ta zama kunu. Ranar Alhamis, saura kwana uku taro, aka kawo shi a keken dawakai huɗu, maza shida suka shigo da shi suna nishi suna zagin juna. Baƙi ne, yana sheƙi, ya cinye kusurwar ɗakin gaba ɗaya. Reinke ya ɗaga murfin, kowa ya leƙa, ya mayar ya kulle, ya jefa makullin a aljihun falmaransa.

Ta bari sai da sauran suka fita.

"Mista Reinke, da za ka bar mini makullin, in ɗan gwada shi."

"Mai kantin da ya sayar mana ya ce a bar shi ya huta kwana uku, ya saba da iskar ɗaki. Ya sha jijjiga."

"Ko na rabin awa ne. Kowane piyano da halinsa."

"Matan da suka toya kek shekara uku su ya kamata su fara jin muryarsa, kuma tare. In kika kaɗa shi yau, kafin magariba duk gunduma ta ji cewa gidan Reinke sun riga kowa." Ya gyara hularsa. "Mahayin ƙwarai ba ya cewa a ba shi doki ya kwana da shi. Ko akwai wata matsala?"

"Babu."

Ranar Lahadi da ƙarfe biyu ɗakin ya cika har bakin ƙofa. Manya sun matse gwiwoyinsu a kujerun yara, maza suna tsaye jikin bango da huluna a hannu, tebur ɗaya a baya ya cika da kek da gasassun kaji. Ana jin warin jiƙaƙƙen ulu da kofi. Reinke ya yi jawabi gajere, ya buɗe murfin, ya koma gefe ya fuskanci jama'a.

Lorene ta zauna. Haƙoran suna nan yadda ta san su, sai dai suna da sanyi, kuma baƙaƙen sun taso sama, abin da kwali bai taɓa gaya mata ba. Ta jera yatsunta. Agogon yana saman kanta. Ta ƙirga huɗu ta danna.

Da farko kusan ba abin da ya fito, domin kwali ba ya buƙatar ƙarfi. Ta ƙara nauyi, sai sauti ya tashi ya cika ɗakin, har ita kanta ta firgita. Ta yi layin farko ita kaɗai don share fage, kamar yadda takarda ta ce. Abin mamaki, waƙa ce. Ɗigon nan da ta yi mako biyar tana bi a makance ashe suna da hawa da sauka, suna da ma'ana. Wata tsohuwa a gaba ta dafe ƙirji. Na ɗan lokaci Lorene ta ɗauka ta tsira.

Sai Reinke ya ja numfashi ya ɗauki waƙar, jama'a suka bi shi.

Mutanen nan ba da agogo suke waƙa ba. Tun kakanninsu a hankali suke jan ta, kamar shanu na jan garma a ƙasa mai laka, kuma a ƙarshen kowane layi sukan riƙe sautin, su sake shi, su yi shiru, su jira tsofaffi su mayar da numfashi, sannan a shiga na gaba. Ba a rubuta wannan a littafi ba. Ba wanda ya ga dalilin rubuta abin da kowane yaro ya sani.

A ƙarshen layin farko ta riga su da taku biyu. Ta ji, ta kuma ji maganar Farfesa a kanta, ta wuce. A layi na biyu tazarar ta zama ta rabin layi. 'Yan matan da ke baya suka saki Reinke suka bi piyano, tsofaffi suka tsaya a kan Reinke, waƙar ta rabe biyu kowane ɓangare yana taka ɗan'uwansa. Reinke ya ƙara murya. Wuyansa ya yi ja. Lorene ta kai ƙarshen baitin ba tare da kuskuren yatsa ko ɗaya ba, ta ɗaga hannu, alhali jama'a suna da sauran layi ɗaya da rabi. Ta zauna hannu a cinya, ta saurare su suna ƙarasawa su kaɗai. Ba ta taɓa sanin layi ɗaya da rabi yana da tsawo haka ba. Wani ya yi tari. Kuma baiti shida ne waƙar.

A baiti na biyu ta yi ƙoƙarin rage gudu, sai ta tarar yatsunta gudu ɗaya kawai suka sani. Da ta ja musu linzami sai suka manta hanya. Hannun hagu ya faɗa kan haƙoran da ba nasa ba, ya fitar da wani sauti kamar an taka kyanwa. Ta janye shi ta ɓoye a cinyarta. Ta bar kallon takarda, ta daina jin agogo, ta kafa ido a kan kafaɗun Reinke. In suka ɗaga, numfashi zai ja. In suka sauka, zai fara. Ta bi shi da yatsa ɗaya, ɗigo ɗaya bayan ɗaya, kullum tana ɗan bayansa kamar akuya a igiya. Haka aka yi baiti biyar ɗin da suka rage. Piyanon shekara uku yana ƙiƙ-ƙiƙ da murya ɗaya siririya a ƙarƙashin mutum sittin.

Da aka gama aka yi tafi, irin wanda ake yi wa yaron da ya faɗi a tsere ya tashi ya ƙarasa. Wata mata ta ce wa maƙwabciyarta, da ƙarfin da kowa zai ji, ai haka suke yi a birni, komai da gaggawa. Dusek ya ce shi dai ya ga malama ta riga kowa isa aljanna, ta zauna tana jiransu a bakin ƙofa. Aka yi dariya kaɗan, aka juya wajen kek.

Reinke bai je wajen kek ba. Ya tsaya kusa da piyanon, ya ba jama'a baya, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Wa ya koya miki?"

"Wani farfesa a Chicago."

"Na dogayen ambulan."

"E."

"Ya taɓa jin ki?"

"A'a."

"Ke fa? Kin taɓa jin kanki kafin yau?"

Ya dube ta, ya gyaɗa kai kamar ta amsa.

"Na ga makaɗa marasa kyau a rayuwata, yarinya. Amma duk wanda ya taɓa kaɗa wa ɗan Adam ko sau ɗaya ya san mutum yana numfashi. Tambaya ɗaya ta rage. Ranar da kika rubuto mana takardar nan, me kika iya?"

Akwai amsoshi a kusa. Tana iya cewa kaɗan, ko ta koya tana ƙarama ta manta, ko hannunta ya yi tsami. Ba wanda zai iya bincikawa. Ta dubi hannuwanta a cinya.

"Ko taɓa shi ban taɓa yi ba. Yau ne farko."

A baya ana ta ƙarar faranti, Ottilie tana faɗa da wani a kan wuƙar yanka kek.

"Da kin ƙara mini wata ƙarya a kan waccan, da gobe Dusek ya tafi da wasiƙata zuwa ofishin ilimi," in ji Reinke. "Ba zan rubuta ba. Takardar shaidarki taki ce. Ki ƙarasa shekarar nan, yaran suna karatu, ban ga laifinki a nan ba. Amma in Afrilu ta zo ba zan sa hannu a kan wata shekarar ba. Ki fara neman wani wuri."

"In mutanen can suka tambaye ka fa?"

"In suka tambaye ni lissafi, zan ce kin iya. In suka tambaye ni piyano, zan ce su zaunar da ke su saurara. In kuma suka tambaye ni dalilin tafiyarki, abin da na sani zan faɗa. Sai ki yi addu'a kada su zama masu yawan tambaya."

Ya juya ya tafi karɓar kofinsa.

Da la'asar suka kama hanyar gida a keken doki, Reinke da Ottilie a gaba, Lorene a baya tsakanin faranti da babu komai a cikinsu. Ƙafafun keken suna nutsewa a laka suna fita. Da suka yi nisa sai Ottilie ta ce, "Kai ma dai ka ja ta da yawa yau, Gottlob. Kamar da gangan." Reinke ya kaɗa wa dokin linzami.

Lorene ta ja bargo ta rufe gwiwoyinta. Ta fara jero gundumomin yamma a zuciyarta, can wajen tuddan yashi, inda aka ce malamai ba sa zama saboda nisa da iska. Uku ta iya tunawa da sunansu. In ta rubuta musu a Janairu, wataƙila ɗaya ta amsa kafin ƙanƙara ta narke.